Rumfar leda ko rumfar raga? Neman shawara kan renon bishiyar kuɗi a Sakkwato

Maman Walid, Arkilla:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da zafi. Shawara nake nema wurin masu lambu da duk wanda ya san harkar fulawa. Ina da ɗan fili a bayan gida, akwai bohol mai sola, kuma ina son in kafa rumfar leda irin wadda ake noman tattasai da kokwamba a ciki. Abin da nake son in rena shi ne shukar nan da ake kira bishiyar kuɗi, mai kitsattsen gindi, wadda ake ajiyewa a falo ko ofis. Niyyata in fara yanzu in fitar da ita ƙarshen shekara, lokacin da aure ke yawa, ofisoshi na raba kyaututtuka, maƙwabtanmu Kirista kuma na hidimar Kirsimeti. Abin da ya saura in riƙe shi zuwa Sallah. Sana'ata kayan jeren amare, kuma da wuya amarya ta ga hoton shukar ba ta ce a sa mata a lissafi ba. Daga Legas ko Abuja ake ɗauko ta, kafin ta iso ta galabaita, ga kuɗin mota ya hau kanta. Tukunya 200 nake da burin farawa da su. Za ta yi a ƙasarmu kuwa? Kuma ina ake samun iri?

Sani Mai Fulawa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a yi nisa, wacce daga ciki? A wurinmu masu sayarwa shuka uku ake laƙaba wa sunan kuɗi. Akwai mai yaɗo wadda ake tsoma reshenta a kwalbar ruwa ta yi saiwa. Akwai gajeruwa mai ƙananan ganye masu kauri cike da ruwa. Sai kuma mai kitso, mai faffaɗan ganye yatsu-yatsu.

Maman Walid, Arkilla:
Mai kitson nake nufi, Malam Sani.

Sani Mai Fulawa:
To ita ta fi tsada, ita kuma ta fi ba mu wahala a garin nan. Mai yaɗon ko a ledar fiya wata kika dasa ta za ta kama. Wannan kuwa in na kawo ta, can ƙuryar inuwa nake ɓoye ta, ƙarƙashin dogon yaro, in ba haka ba yini ɗaya ya isa ganyen ya yi tabon ƙuna.

Ɗan Dundaye:
Anti, sannu da himma. Fannin gona na karanta, kuma na yi aiki a wurin renon itatuwa, bari in faɗi abin da na sani.

Sunanta a kimiyyance Pachira. Iri biyu ke yawo a kasuwa, Pachira aquatica da Pachira glabra, masu sayarwa ba su cika rarrabe su ba. Asalinta Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, tun daga kudancin Meziko har Burazil, a gaɓar koguna da dausayi. A can ƙatuwar bishiya ce, tana iya kai mita 18. Dangin kuka ce da rimi da bishiyar gurjiya, shi ya sa ganyen nata bai yi mana baƙunta a ido ba. Kitson kuwa ba halittarta ba ne. A Taiwan aka fara shi cikin shekarun 1980, ana haɗa ƙananan shuke-shuke a tukunya ɗaya a kitse su tun jikinsu na ɗanye. Daga nan ta bazu Japan da sauran ƙasashen Asiya, ta zama abin kyauta a bikin sabuwar shekarar Sinawa, sannan ta tsallaka Turai da Amurka.

Inda nake son ki tsaya ki yi nazari shi ne ledar. Mutanen Holan da ke renon ta a gidan gilashi, sanyi suke kare ta daga gare shi, har ɗumi suke kunna mata. Shukar ta fi sakewa tsakanin digiri 18 zuwa 30. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa. Rufaffiyar rumfar leda hasken rana ke shiga, zafin ya ƙi fita, da azahar cikinta ya ɗara waje nesa ba kusa ba. Na ga inda aka kafa irinta aka zuba kayan fulawa a watan Afrilu ba tare da an buɗe gefe ba, kafin mako ya zagayo sababbin tofo duk sun yi baƙi. Ɗumi muna da shi kyauta har ya yi yawa. Abu biyu shukar nan za ta rasa a Sakkwato: inuwa da danshin iska. Su za ki gina wa rumfa.

Baba Na-Kwalkwalawa:
Salamu alaikum. Ɗiyata, ni ban san itacen ga da sunanai ba, amma na san leda, na kuma san ranar Sakkwato. Yaron ga ya hwaɗi gaskiya. Mu nan hwadama ko irin albasa munka zuba, sai mun lulluɓe shi da ciyawa ko kara har shi tsiro, don rana na iya gasa shi cikin ƙasa. Waɗanda sunka ƙago gidan leda, ɗari na damuwarsu. Mu ko rana ta, da iska. Ki tuna da guguwar farkon damina, wagga da ka zuwa da jar ƙura kahin ruwa shi sauka. Kwanon gida ma tana ɗaukewa, balle leda da anka ɗaure ga siririn ƙarhe. In za ki yi rumhwa, a gina rami mai zurhi ga kowace dirka, a zuba siminti, kada magini shi ce miki wanga ya isa.

Maman Walid, Arkilla:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi har na sa an yi min lissafin leda da ƙarfe. To ƙanena Ɗan Dundaye, in ba leda ba, me zan yi? Ka yi min bayani yadda zan iya maimaita wa mai walda.

Ɗan Dundaye:
Rumfar raga, Anti. Ragar inuwa da ake sayarwa a shagunan kayan gona, baƙa ko koriya. Tana da lamba gwargwadon hasken da take tarewa. Ki nemi mai tare kashi 50 zuwa 70 cikin 100. In mai 50 kika samu, a bazara ki ninka ta a sama, da damina ki cire ɗaya. Rufin ya yi tsawo, mita 3 ko fiye, don zafin da ke taruwa a sama ya yi nesa da ganye. Gefe ma raga, har ƙasa, iska na ratsawa. In akwai bishiya ko katanga da za ta tare ranar yamma, ki jingina rumfar da ita, don ranar la'asar ta fi ta safe ɓarna.

Ƙasan rumfar kada a yi masa siminti. A zuba yashi mai kauri, a ɗora tukwanen kan benci ko bulo. Yashin nan za ki riƙa jiƙawa safe da azahar, shi zai riƙa tashin danshi yana shiga tsakanin ganyayen. Sai babban abin: a ɓangaren da iska ke shigowa, ki rataye buhunan algarara jere, ki sa siririn tiyo mai huji-huji a samansu yana ɗiga. Busasshiyar iska in ta ratsa jiƙaƙƙen buhu takan sauke zafi ta ɗauki danshi, yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowar jikinta. Wannan dabarar ta fi aiki a busasshiyar ƙasa irin tamu fiye da Legas, inda iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa. Tunda famfonki na sola ne, lokacin da rana ta fi ƙuna shi ne lokacin da yake ba da ruwa.

Ledar ma ba a yar da ita gaba ɗaya ba. Ki sayi kaɗan. A watan Agusta, in ruwa ya yi kwanaki yana zuba, kina iya shimfiɗa ta a rufi kawai don kada tukwane su cika, gefe a buɗe. Da hunturu kuma ki rataye ta a ɓangaren arewa maso gabas da dare, da safe a naɗe.

Saratu 'Yar Zuru:
Ina gaisuwa iyaye da yayye. Ni dai ina cikin waɗanda za su saya, don a Disamba mukan nemi abin ƙawata coci da gida, kuma na gaji da fulawar roba. Sai dai Anti, kin lura ranar kasuwarki ta faɗo tsakiyar hunturu? Lokacin da leɓe ke fashewa, ƙura na shiga har cikin akwati. Shukar da ta fito daga dausayi, a wannan watan za a fito da ita daga rumfa a kai ta gidan mutane?

Ɗan Dundaye:
Saratu ta taɓo inda ke ciwo. A ganina hunturu ya fi bazara haɗari ga sana'ar nan, don a bazara kayan na cikin rumfarki kina lura da su, a hunturu kuwa suna hannun wanda ya saya. Danshin iska a Disamba da Janairu kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, shukar kuma ta fi son 50 zuwa sama. Wasu dararen sanyi na sauka ƙasa da digiri 15, girmanta ya tsaya cik. Ƙura na kwanciya kan ganye, sannan ga ƙwaron nan ja mitsitsi mai saƙa a bayan ganye, wanda masu tumatir da gauta suka sani, ba abin da yake so kamar busasshiyar iska mai ƙura. Maganinsa na farko wanka: a fesa wa ganye ruwa sama da ƙasa da hantsi, ba da dare ba. In ya yi yawa, a daka 'ya'yan dogon yaro a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma.

Abin da zai raba kayanki da na mota shi ne horo. Saura wata guda ko fiye a sayar, ki ƙara musu inuwa, ki rage taki, ki rage jiƙa buhu sannu a hankali, har su saba da hasken ɗaki da busasshiyar iska. Wadda aka ɗauko kai tsaye daga danshin kudu aka dire a falon Sakkwato a Disamba, ita ce ke zubar da ganye cikin mako biyu.

Malam Na-Gwiwa:
Assalamu alaikum. Na karanta bayanan nan kuma na ƙaru. Amma akwai abin da ba a taɓo ba, kuma a wurina ya fi raga da buhu muhimmanci. Me ya sa mutane ke neman shukar nan? Na ga tallace-tallace a Facebook da Instagram ana cewa tana janyo arziki, wai kitson yana ɗaure sa'a a cikin gida, wai a ajiye ta kusa da inda ake ƙirga kuɗi. Wannan aƙidar wasu mutane ce ta biyo shukar. Arziki na Allah ne shi kaɗai. Musulmin da ya ajiye itace a shago yana jin shi zai kawo masa ciniki, ya taɓa tauhidinsa, kuma wanda ya sayar masa da wannan alkawari yana da nasa kason. Hajiya, ina jiye miki wannan fiye da asarar jari.

Abba Runjin Sambo:
Allah gafarta Malam, ai kowa ya san ado ne. Wa zai yarda ganye na kawo kuɗi a wannan zamanin?

Sani Mai Fulawa:
Abba, da ka zauna wurina yini ɗaya da ba ka faɗi haka ba. Akwai masu tambayata a wace kusurwar shago za su ajiye ta, da ko gaskiya ne in ta mutu karayar arziki ce. Masu ilimin boko ma, ba mutanen ƙauye ba. Ni dai nakan ce musu kusurwar da haske ke shiga.

Saratu 'Yar Zuru:
Mu ma a wajenmu ba a yarda da wannan ba, Malam. Camfi ne, kuma ana wa'azi a kansa.

Maman Walid, Arkilla:
Allah gafarta Malam, na gode da tunatarwa. Ni kyan ganyen da kitson ne suka ja ni, ban taɓa sa wa raina tana kawo komai ba. Amma ina son in ji a fili: renonta da sayar da ita akwai laifi?

Malam Na-Gwiwa:
Babu laifi, Hajiya. Itace ne cikin itatuwan da Allah ya halitta, kuma asalin ciniki halas ne. Dashe ma abin so ne. Ya inganta daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga ciki, sadaka ce gare shi. Abin kiyayewa bakinki ne da rubutunki wurin talla. Kada ki rubuta tana kawo sa'a ko da wasa, kada ki bari yaran shagonki su faɗa don ciniki ya faɗa. Wanda ya zo da wannan tunanin ki gyara masa da taushin murya, ko da zai fasa saye.

Hajiya Inno, Mabera:
Maman Walid, ki saurari wadda ta ga mutuwar shukar nan a ɗakin ɗiyarta. An ba ta guda a biki, kyakkyawa, cikin tukunyar tangaran mai ƙyalli. Ashe tukunyar ba ta da huji a ƙasa. Yarinyar gida kuma kullum safe sai ta zuba mata kofi guda, don tausayi. Ganye ya fara rawaya, aka ce ƙishi ne, aka ƙara ruwa. Da na je na matsa gindin da yatsa, biyu daga cikin sandunan sun yi laushi suna wari. Da muka zazzage ƙasar, sai ga roba an ɗaure gindin da ita tun daga inda aka kitsa, ta nutse cikin jikin itacen. Abin ya ba ni takaici ƙwarai, don yarinyar ta so shukar nan.

Saboda haka in za ki sayar, ki sayar da ilimin tare. 'Yar takarda da Hausa, a liƙe jikin tukunya: kada a ba ta ruwa sai an tura yatsa an ji saman ƙasar ya bushe, kada a ajiye ta inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ke bugawa, kada a fitar da ita tsakar gida ta sha rana, a riƙa goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma. In ta mutu a hannun amarya ɗaya, ƙawayenta goma sun ji, kuma sunanki za a kira.

Abba Runjin Sambo:
To ni nan ne ban gane ba. An ce daga dausayi ta fito, yanzu kuma an ce ruwa ke kashe ta. Wanne za mu ɗauka?

Ɗan Dundaye:
Duka biyun, Yaya Abba. A gaɓar kogi ruwan na tafiya, yana janyewa ya dawo, saiwar kuma ta bazu ko'ina tana samun iska. A tukunya ruwan tsayawa yake yi, iska ta ƙare a ƙasar, saiwa ta ruɓe. Ga shi kumburin gindin nan ma'ajiyar ruwa ce, don haka ta fi jure ƙishin kwanaki fiye da jiƙon kwanaki. Iska take so da danshi, ƙasa kuma mai tsiyayewa.

Shi ya sa, Anti, kada ki yarda a kawo miki laka daga fadama, duk baƙinta. Ki haɗa yashin gulbi mai tsakuwa, da ƙaiƙayin shinkafa da aka babbaka bai zama toka ba, da takin awaki wanda ya shekara ya ruɓe sarai, da ɗan ƙasar lambu. In kin zuba ruwa ya fito ta ƙasa nan take, haɗin ya yi. Ki kuma lura da ruwan bohol ɗinki. Yankinmu ƙasar farar ƙasa ce, ita ta sa aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina, kuma wasu rijiyoyin ruwansu na barin farin ɓawo a bakin tukunya. In kin ga haka, ki tara ruwan sama a tanki da damina, lokaci-lokaci ki kwarara wa tukwanen shi sosai ya wanke gishirin.

Abba Runjin Sambo:
Duk wannan wahala a kan abin da ba a ci. A garin da wasu unguwanni ke sayen ruwa a baro, a ce ana jiƙa buhu da yashi saboda ado? Da zogale ko salak aka shuka a filin nan da an ci an sayar. Kuma mutum nawa ne a Sakkwato za su cire kuɗi mai kauri su sayi ganye, da tsadar rayuwar nan?

Sani Mai Fulawa:
Maganar ruwa ba ta kai yadda kake tsammani ba, ƙananan tukwane a inuwa ba su sha kamar fangalin salak a rana. Amma maganar kasuwa ka yi gaskiya, kuma ita nake son Hajiya ta ji. Masu saye sanannu ne: otal-otal, bankuna, asibitocin kuɗi, malaman jami'a, matan manya, sai amare. Ba kasuwar albasa ba ce da za a loda mota. Tukunya 200 a kaka ɗaya, ni da nake bakin titi ban ga inda za su shige ba. Waɗanda suka kwana kuma sai kin ci gaba da shayar da su har bazara.

Maman Walid, Arkilla:
Abba, zogale na nan a gidan, ba zan cire shi ba. Malam Sani, na ji. To irin fa? Na ga masu tallan 'ya'yanta a intanet daga waje.

Ɗan Dundaye:
Kada ki saya, Anti. 'Ya'yan nan ba irin na gero ba ne da za a ajiye a rumbu. Manya ne, masu mai, kuma in suka bushe sun mutu. Sabbi ake shukawa, ba da daɗewa da fashewar kwanson ba, su kuma tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ya yi wata da watanni a ambulan da wuya ya fito. Ban da haka, shigo da iri ko shuka daga wata ƙasa sai da izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, da takardar shaidar lafiyar shukar. A kudancin ƙasar nan akwai bishiyoyinta da suka girma suna 'ya'ya, masu fulawa na can sun san inda suke. Ta hannunsu za a nema, a turo da gaggawa cikin ɗanyen garin katako.

Reshe ma yana kamawa, amma wadda aka samu daga reshe ba ta yin kumburin gindin da masu saye ke so. Daga ƙwaya ake samun shi.

Yanzu ki yi lissafi. In biyar za ki kitsa a kowace tukunya, tukunya 200 na neman ƙwaya 1,000, ban da waɗanda ba za su fito ba, ban da waɗanda tsawonsu ba zai zo ɗaya da 'yan uwansu ba, don sai masu kai ɗaya ake haɗawa. Kitson uku ya fi sauƙi, kuma sandunan ba su cika shaƙe juna ba. Ana kitsawa ne tun jikin na kore yana lanƙwasuwa, a sassauta don a bar musu wurin ƙiba, a ɗaure sama da zare mai taushi, a riƙa ƙara kitson yayin da suke tsawo.

Sai lokaci. In kin shuka a Yuni ko Yuli da ruwa ya zauna, zuwa Disamba za ki samu ƙanana masu kyau na ɗorawa kan tebur. Masu kaurin gindin nan na cikin hoto sun haura shekara, wasu shekaru. Sallah kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya, kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. Ƙaramar Sallar 2025 ta kama 30 ga Maris, Babba kuma 6 ga Yuni. Ƙaramar tana gangarowa cikin Fabrairu, nan da 'yan shekaru ita ma tana tsakiyar hunturu. Don haka kowace shekara daga ranar sayarwa za ki ƙirgo baya ki san ranar shuka.

Baba Na-Kwalkwalawa:
Ni hwa ina da tambaya. Tunda kun ce ɗan uwan kuka na, mi ya hana a kitsa ɗiyan kuka? Iri ga shi ko'ina, ba a saye. Ga kuma ƙarya, wagga mai jan hure da kumburin gindi, da ka hure tsakiyar rani babu mai ba ta ruwa. Ƙasarmu ta, ta san ranarmu. Mun bar namu muna bin na wasu da tiyo da buhu.

Ɗan Dundaye:
Ranka shi daɗe, maganarka na da ƙarfi. Ƙaryar nan da muke wucewa a daji, a Tailan da Taiwan renonta ake yi ana fitar da launi iri-iri ana sayar wa duniya, alhali asalinta Afirka da ƙasar Larabawa. Ba ta buƙatar raga ko buhu, kuma furenta na zuwa daidai lokacin kasuwar Anti. Matsalarta biyu: rana take so, ba ta zaman falo, sannan ruwan jikinta dafi ne, gidan da ke da ƙananan yara sai an yi hattara. Kuka kuwa tana kitsuwa tun tana ƙarama, amma ɗabi'arta ce ta zubar da ganye da rani, wato a Disamba sanda tsirara za a kai wa amarya. Ita ma ba ta son inuwar ɗaki.

Hajiya Inno, Mabera:
Ni dai da za a samu ƙarya mai kyau a tukunya, ƙofar falo zan ajiye ta, biyu ma. Baba ya kawo shawara. Ba kowa ke neman ta cikin ɗaki ba.

Maman Walid, Arkilla:
Allah ya saka wa kowa da alheri, kun hana ni zuba jari inda bai dace ba. Ga abin da na tsayar. Rumfar raga ƙarama jikin katangar yamma, da yashi da buhuna yadda aka faɗa. Bana ba zan wuce tukunya 50 ba. Rabi zan sayo matasa daga kudu da damina, su yi watanni a wurina su saba da iskarmu kafin Disamba. Rabi kuma daga ƙwaya, kitson uku, ba zan matsa musu ba, in sun kai Sallah sun kai. A waje, inda rana take, zan jera ƙarya saboda masu ƙofar falo irin su Hajiya. Takardar kulawa da Hausa za ta bi kowace tukunya, kuma Malam, ba za a ga maganar sa'a a tallata ba in sha Allah.

Baba Na-Kwalkwalawa:
Madalla ɗiyata, Allah shi sa albarka. In da itace za a yi dirkokin, a shahe gindin da baƙin mai kahin a bizne, don gara. Kuma ki sa waya ta kewaye ragar daga ƙasa, akuya ba ta jin kunyar raga.

Sani Mai Fulawa:
Hajiya, motar da ke kawo mana kaya daga kudu takan fi zuwa in ruwa ya zauna, lokacin ne shuka ke jure hanya. Zan yi miki magana ta akwatin sirri kafin ta taso, ki faɗi adadi da tsawon da kike so. Kafin nan ki je wurin masu tukwane ki ba da aikin na ƙasa, ki ce a huda ƙasan tun suna ɗanye, huji uku ko huɗu, don in an gasa sai an yi sa'a ake hudawa ba su tsage ba.